Agarar Fatake

Ranar da muka kai Goggo makwancinta na ga abin da ban saba gani a gidan makoki ba. Mutane suna share hawaye, suna kuma danne dariya. Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta da ke unguwar Titirou a Parakou, maza a waje, mata a ciki. Kowa ya zo zai ce Allah ya ji ƙanta, mu ce amin, sannan ya sunkuyo ya ce, "Ni ma fa ta taɓa matsa mini dunduniya." Mai zem ɗin, wato ɗan acaɓan da ke kai ta kasuwa, ya faɗa. Mahaucin bakin titi ya faɗa. Har limamin unguwa ya faɗa yana kallon ƙasa, sai dai shi matarsa aka aika ta duba masa, don Goggo ta san iyakarta.

Wata tsohuwar Bafillatana ta taso tun daga rugarsu kusa da Pélébina. Ta ƙi zama a tabarma, ta zauna a dokin ƙofar ɗakin Goggo ta ce, "Ta daina sayen man shanuna da daɗewa, amma ba ta daina zuwa gaishe ni ba. Wa ke yin haka?"

Da la'asar motar dangi ta iso daga Djougou. A cikinsu akwai wani dattijo, abokin marigayi Babana, wanda ya daɗe bai zo Parakou ba. Ya tsaya ya dubi jama'a ya ce, "Ina babban gidan, in yi masa gaisuwa?" Sai aka nuna ni. Wallahi waiwayawa na yi in ga wanda ake nunawa a bayana. Dattijon ya riƙe hannuna, ya ƙura wa gemuna ido, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Gidanku ne da farin gemu? Allah mai iko." Daga nan ni ma na kasa riƙe kaina, na yi kuka a gaban yara.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce mene ne abin kuka a furfura. To, shi ya sa na zauna rubuta wannan, don jikokinmu za su tashi su ga tsofaffi a gida su ɗauka haka aka saba. Ba haka aka saba ba. Mazan gidanmu ba sa tsufa. Kakana ya faɗi a masallaci yana da ƙarfinsa, Goggo tana budurwa. Babana ya faɗi a tashar Djougou yana tsaye a kan lodin doya, ya dafe ƙirji, kafin a kawo ruwa ya cika. Gemunsa baƙi wuluk aka binne shi. A gidanmu ba yaron da ya taɓa sanin kakansa na wajen uba. Mutanen gari suna cewa baki ne, wasu su ce sammu, mu kuma mu ce ajali, mu ja bakinmu mu yi shiru. Kowane namiji a cikinmu yana tafe da wannan lissafin a ransa, ko bai faɗa ba.

Abin da muke faɗa da ƙarfi, har da ɗaga kafaɗa, shi ne agararmu. Jijiyar nan ta bayan dunduniya, a gidanmu kauri take yi idan mutum ya zama cikakken saurayi, wani har da ƙulli kamar ƙwallon dabino. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar Gwanja da ƙafa su kawo goro, har suka yada zango a Djougou suka zama fatoma, wato masu saukar baƙin fatake. Saboda haka aka ce kaurin nan gadon tafiya ne, aka sa masa suna agarar fatake. Idan saurayi zai yi aure, manya su zaunar da shi su matsa dunduniyarsa, in sun ji kauri su ce, "Madalla, jinin gida ne." Wanda tasa ta fito siririya har tsokanarsa ake yi, wai ya biyo dangin uwa. Ni da aka matsa tawa aka ji ƙulli, har rawar kai na yi.

Goggo ita ce yayar Babana, ita ta riƙe ƙannenta bayan rasuwar mahaifinsu, ita kuma ta ɗauko ni zuwa Parakou bayan rasuwar nawa. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Babana take ce mini, ko tana lallashi ko tana zagi. "Babana, zo ka ci tuwo." "Babana, kai dai ba ka da kai." Man shanu take sarowa daga matan Fulani na wajen Pélébina ta sayar a kasuwar Arzèkè, kuma duk layin an san ba a yi mata ciniki sau biyu. Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya da saurin fushi. A gefen idanunta akwai wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa, waɗanda mata ke ce wa zinariyar gida. Ita ma tana da agarar, kuma ta fi kowa alfahari da ita.

Zem ne ya tona asirin. Wata rana da damina mai zem ya zame da ita a taɓo, ta gurɗe ƙafa. Lokacin na riga na yi aure ina da rumfar atamfa, sai na rufe na kai ta asibiti. Likitar mace ce, 'yar Dendi, ba ta girme ni ba. Ta duba ƙafar da ta gurɗe, sannan ta kama ɗayar, lafiyayyar, ta yi ta murza agarar. Ta ɗago ta dubi gefen idon Goggo. Ta ce, "Mama, mahaifinki yana raye?"

Goggo ta janye ƙafarta ta ce, "'Yar nan, ƙafa na kawo miki, ba ubana ba."

Likitar ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Yi haƙuri, Mama. Da ƙuruciyarsa ya rasu? Farat ɗaya?"

Goggo ta dube ni, wai ko ni na yi surutu a waje. Na rantse ban ce komai ba. Ta ce wa likitar, "Wannan da kike murzawa agarar fatake ce. Gadon gidanmu ne."

"Gado ne kam," in ji likitar. "Amma ba tafiya ce ta kawo shi ba. Maiƙo ne ya taru a wurin, wanda muke kira kolesterol. Abin da ya taru a nan, shi ne yake taruwa a hanyoyin jinin zuciya."

Goggo ta yi wata irin dariya ta ce, "Maiƙo? Dube ni da kyau. Dubi wannan yaron. Duk gidanmu in aka matse mu ba za a sami abin soya albasa ba."

Aka ɗebi jininmu mu biyu. Da sakamako ya fito muka koma, likitar ta zaunar da mu ta yi bayani da yaren Dendi, inda ya gagara ta sa Faransanci ni kuma in juya. Ta ce kolesterol ba guba ba ne, jiki da kansa yake yin mafi yawansa a hanta, kuma yana bukatarsa. Sai dai mai ba ya haɗuwa da ruwa, don haka ba ya yawo a jini tsirara, sai an ɗaure shi cikin wasu 'yan ƙananan ƙunshi. Wanda ya dame mu a cikinsu LDL ake kiransa. Kowane ƙunshi akwai wani sinadari da ya naɗe shi ta waje, a jikin hanta kuma akwai 'yan ƙofofi da suke gane wannan sinadarin, su kama ƙunshin su shigar da shi ciki a sauke kayan. In ƙofofin sun yi kaɗan, ko kuwa sinadarin da ke jikin ƙunshin ya zo da wata 'yar tawaya ta gado har ƙofa ta kasa kama shi da kyau, sai ƙunshin ya yi ta yawo a jini. In ya daɗe yana yawo sai ya lalace, ya kutsa cikin bangon jijiya ya zauna.

Ina cikin fama da juyawa, Goggo ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Dakata, Babana, kana ɓata maganar. 'Yar nan, hantar nan fatoma ce ke nan?"

Likitar ta ce ba ta san fatoma ba. Goggo ta gyara zama, ciwon ƙafa ya tafi. Ta ce, "A gidan ubana, in fatake suka iso da kaya, fatoma ne ke tsayawa a ƙofar zaure. Fuska yake dubawa. Wanda ya sani, ya shigar da shi, a sauke masa kaya, a ba shi ruwa. Wanda bai gane ba, ko wanda ya tarar zaure ya cika, sai ya yi ta zagaya gari da kaya a ka. In ya gaji ya jibge a lungu. Gobe wani ya jibge a kan nasa. Wata rana a wayi gari lungu ya toshe, ko akuya ba ta wucewa."

Likitar ta ajiye alƙalaminta ta ce, "Haka ne, Mama. Lungun nan shi ne jijiyar zuciya."

"To namu wanne ne? Zauren ne ya yi kaɗan, ko fuskar baƙin ce ta sauya?"

Likitar ta ce gaskiya ba za ta iya rabewa a nan ba, sai an aika jini nesa, amma ko wanne ne maganin farko ɗaya ne. Ƙwaya ce da ke rage wanda hanta ke yi da kanta, sai hantar ta ji tana bukata, ta ƙara buɗe ƙofofi ta riƙa janyo na cikin jini. Ta ce duk wanda ke da abin, kowane ɗa da ya haifa yana iya ɗauka yana iya tsira, mace ko namiji, sai dai ya fi saurin kayar da maza. Ta ce kuma kada mu dogara da agara kaɗai, gwajin jini yana ganin abin tun kafin ta yi kauri. Goggo ta tambaya a hankali ko da an san wannan da ƙanenta yana nan. Likitar ta ce rai na Allah ne, amma da an yi abin da za a iya.

Kashegari Goggo ta tashi da yaƙi, kuma ita ba ta iya yin abu rabi ba. Ta rabar da sauran man shanun da ke rumfarta, ta koma sayar da wake da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Wannan da sauƙi. Sai ta bi gidajenmu ta hana mai kowane iri, har man gyaɗa. Kai, mun ga tashin hankali. Miya ta koma ruwan zafi mai gishiri. Matata tana soya ƙosai a ɓoye kamar mai sayar da kayan sata, yara suna gadin ƙofa. 'Yar Goggo ta fari, taubashiyata wadda nake ce wa baiwata, ta ce mini, "Ubangidana, ciwon nan bai kashe mu ba, Inna za ta kashe mu." Da muka koma asibiti na kai ƙara. Likitar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce man shanu da kitsen nama da yawan manja su ne ke sa hanta ta rage ƙofofinta, su za a yi hankali da su, amma man gyaɗa daidai misali ba laifi, kuma ko ciyawa muka koma ci ba za mu rabu da ƙwaya ba, tunda namu na gado ne. Ta ce ma Goggo tana iya komawa sana'arta, ba kowa ke da irin jininmu ba. Goggo ta ce, "Man gyaɗa na ji. Amma ba zan auna wa ɗan wani abin da na hana nawa ba." Ba ta koma ba har ta rasu.

Daga nan ta ɗauki al'adar matsa agara ta juya ta. Da manya ke matsawa su sa albarka, yanzu Goggo ke matsawa ta tura mutum asibiti. Ta fara da dangi, ta wuce kan maƙwabta, ta kai ga duk wanda tsautsayi ya sa ya cire takalmi a gabanta. Yawancinsu ba su da komai, ta sallame su da addu'a. Namu kuwa ko ta ji kauri ko ba ta ji ba, sai an ɗebi jini. Cikin 'ya'yana aka sami biyu da suka ɗauka.

Inda ta ci karo da dutse shi ne wurin Baffa, autansu, wanda ya rage a gidan gado na Djougou. Mun je can sunan jikar wani ɗan'uwa, gida ya cika, an gama walima ana hira a zaure. Goggo ta aika a kira mata shi cikin gida, ya ƙi zuwa don ya san zancen. Sai ta yafa mayafi ta fito har bakin zauren, gaban baƙi, ta ce masa ya shirya ya bi ta Parakou shi da 'ya'yansa. Ina wurin, na so ƙasa ta tsage in shige.

Baffa ya ce, "Yaya, ki rufa mana asiri. Kina bin gari kina cewa jininmu da cuta. Wa zai auri 'ya'yanmu mata? Wa zai ba samarinmu?"

Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Garin nan akwai wanda bai san mazanmu suna faɗuwa ba? Gara su ce cuta mai magani da su ce baki."

"Ajali ne, Yaya. In ya zo, ƙwayar Nasara ba ta tare shi."

"Ajali ne. Amma da ka sayi mota ai ka sa mata birki."

Wasu suka yi dariya, dariyar nan kuwa ita ta ɓata komai. Baffa ya miƙe, ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna agararsa ya ce, "Wannan ta ubana ce, da ita zan koma ga Allah. Kyan ɗa ya gaji ubansa."

Goggo ta ce, "Ka gaje shi a zaure. Kada ka gaje shi a kushewa da baƙin gemu."

Ya ce kada ta sake taka masa gida da wannan magana. Ta ce gidan ubanta ne. Muka hau mota muka dawo, ba wanda ya yi wa wani sallama. Ni a ganina ranar Goggo tana da gaskiya amma ba ta da dabara, na kuma faɗa mata. Ta ce na yi ƙarya, daga baya can ta ce da ta sani da ta jira baƙi sun watse. Ta yi ta aika masa saƙo ta bakin direbobi, ta aika masa da wake da daddawa, yana karɓar kayan yana mayar da maganar.

Bai kai shekara biyu ba ya faɗi a gonarsa ta kashu. Duk muka zuba ido mu ji me Goggo za ta ce, don mun san bakinta. Ba ta ce komai ba. Ta zauna kusa da matarsa har aka share makoki, ita ke tilasta mata cin abinci. Wata mata ta fara cewa ai da ya ji maganar yayarsa, Goggo ta katse ta, ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Kawo mini ruwa." Sai da matar Baffa ta fita takaba, ita da kanta ta kwaso yaran ta kawo su Titirou ta ce, "Yaya, ga su." Goggo ta kai su asibiti ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa shiga ɗakinta ba sallama a kwanakin nan na tarar da ita riƙe da hular Baffa, tana cewa, "Ni na goye ka, ja'iri." Na ja da baya a hankali.

Mutuwar Baffa ta shige ni fiye da yadda na nuna. Ina shan ƙwayata, gwaji yana nuna abin ya sauka, amma da na doshi shekarun da Babana ya rasu a cikinsu sai jikina ya mutu. Na rage saro kaya. Na fara nuna wa matata inda kaza yake da inda kaza yake. Ko kunu ya ƙone mini ƙirji sai in yi kalmar shahada. Matata ta kai rahoto. Da sassafe ina fitowa daga masallaci na ga Goggo tsaye a ƙofar gidana da takalmin roba.

Ta ce, "Babana, an ce kana rabon gado. Wa ya aiko maka da sammaci?"

Na ce, "Goggo, lokacin ne ya yi. Baba ma a nan ya tsaya."

"Ubanka bai san fatomansa na barci ba. Kai an tashe maka naka. Wuce mu tafi."

"Ina?"

"Kasuwa. Da ƙafa. Kuna ta cika baki da agarar fatake, amma daga ɗaki zuwa shago sai an ɗauke ku a zem. In gadon fatake kake so, ga shi nan a ƙasa, taka."

Daga Titirou zuwa Arzèkè ba nan kusa ba ne ga mai tumbin zama a rumfa, ko da tumbin ƙarami ne. Tsohuwar nan tana gaba ina binta ina haki, masu zem suna mana ba'a. Haka muka yi ta yi kowace safiya, in ban da ranar ruwan sama. A hanya take ba ni labarin mahaifinta, wanda ban taɓa ji daga bakin kowa ba, yadda yake tsokanarta, yadda ya yi mata alkawarin zai kai ta Gwanja ta ga itacen goro. Idan muka isa bakin kasuwa sai ta ce in sunkuyo, ta kama gemuna ta bincika kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta ce, "Ba komai tukuna. Ni dai ba inda za ni sai na ga furfura a gidan nan." Shekarar da nake tsoro ta wuce ban ma lura da ranar da ta wuce ba.

Da tsufa ya kama ta sai ciwon suga ya shigo. Likitar, wadda zuwa lokacin ta zama kamar 'yar gida, ta gaya mata suga in ya yi yawa yana manne wa sinadarin nan da ke jikin ƙunshin, har ƙofar hanta ta riƙa kasa gane shi. Ta ce kuma a jinin masu suga ƙunshin yakan fito ƙanana masu tauri, su ma ƙofa ba ta kama su da kyau, sun kuma fi saurin kutsawa bango. Goggo ta ce, "Oho, baƙon ne ya sha ƙurar hanya har fatoma ya kasa shaida shi." Ta bar shayi mai zaƙi a ranar, ita da ke zuba sukari sai cokali ya tsaya. Ta yi ta mita a kan haka har ƙarshen ranta.

Abin da ya ba ni haushi da duniya shi ne, lokacin da furfurar ta fara fito mini sosai, idon Goggo ya riga ya dushe. Ina ce mata ta fito, tana cewa ƙarya nake don in faranta mata. "Kai ɗan kasuwa ne, Babana, bakinka ba abin kamawa ba ne." Ta daina bincike, ta daina tambaya, ni ma na bar zancen.

A ciwonta na ƙarshe, wata ranar Juma'a bayan an sauko, na shiga gaishe ta. 'Yata ta fari tana wurin da jaririnta, taubashiyata tana yi wa Goggo fifita. Aka ɗora mini jaririn a cinya. Goggo ta ji kukansa ta tambaya wa ke riƙe da shi. Aka ce kakansa. Ta ce wane kakan. Aka ce ni. Sai ta ce in matso. Ta lalubo fuskata, ta cusa yatsunta cikin gemuna. Ta kira 'yarta ta ce, "Ke ba kya rufa masa asiri, ke zan tambaya. Tsakaninki da Allah, wane launi ne?"

Taubashiyata ta ce, "Fari fat, Inna. Ya tsufa tukuf, ko a kyauta ba mai ɗaukarsa. Sanda kawai ta rage a saya masa."

Goggo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ba ta saki gemun ba. Hawaye yana bin gefen idonta, ta kan 'yan ɗigon nan da muke ce wa zinariya. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Babana ya tsufa."

Ban san da wanne take ba a cikinmu, ni ko wanda ya faɗi a masallaci ya bar ta da ƙanne. Ban tambaya ba. Ba ta ƙara wata doguwar magana ba bayan wannan, ta rasu cikin makon.

Goggo, na gode. Ban iya faɗa miki da baki ba, don da na fara za ki ce in rufe miki baki in tafi kasuwa. Allah ya karɓi baƙuncinki, ya sa a shaida fuskarki tun daga ƙofa, a sauke miki kaya, a ba ki ruwa mai sanyi. Allah ya haɗa ki da mahaifinki da ƙannenki, ya yafe muku baki ɗaya. Jaririn nan ya fara tatata yanzu, kuma duk gidan ba abin da yake son ja kamar gemuna. Da zafi, amma ba na hana shi.